Sunan Tela a Takardar 'Yata

Zuwa ga Uwata,

Sallama da gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Ni dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini gardama kowace safiya. Kunne yana nan yadda kika bar shi, ƙarar inji ta ci rabonta, shi ya sa ban kira ki a waya ba. Ko da ma garau yake, maganar da zan yi ba ta waya ba ce. Maganar waya iska ce. Ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Na shiga garejin kamfanin safa ina yaron da aka koro daga sakandare saboda kuɗin jarrabawa. Ba wanda ya kai ni. Da bokiti da soso na fara, ina wanke taya. Ba wanda ya koya mini kanikanci, da ido na sace shi, ina leƙe ta bayan kafaɗar mutanen da ko sifana ba sa bari in taɓa. Na zama ƙaramin bakanike, na zama babba, na zama shugaban gareji, aka rubuta sunana a ƙofar ofis. Da gumina na yi aure. Da gumina na yi jinyar mahaifiyarki har Mai abu ya karɓi abinsa. Ban taɓa tsayawa a ƙofar wani ina murza hannu ba.

Da na yi ritaya aka ba ni garatuti, kin san abin da na yi da shi. Abokan aikina wani ya yi gida, wani ya sayi mota ya sa haya. Ni na zuba nawa a kanki, don kin ce harhaɗa magunguna za ki karanta a jami'a. Ginin da na kai iya taga na sayar a shekararki ta uku. Ba gori nake yi miki ba, tarihi nake ba ki.

To, kwantiragin da kamfani ya riƙe ni da shi bayan ritaya ya ƙare. Na koma ɗauko butar shayina da na manta, sai na tarar da mai fenti a ƙofar ofishina. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce in yi hankali kada rigata ta taɓa. Bai san sunan wa yake shafewa ba. Na tsaya har ya gama.

Da na dawo ɗaki na fito da rasiɗan makarantarki na baza a kan katifa. Kowanne sunanki ne a gaba, sunan Tela mijin Gwaggonki a baya. Na san yadda aka yi. Da mahaifiyarki ta rasu na kai ki wurin ƙanwata ta riƙe ki, shi ya kai ki firamare, aka rubuta sunansa a gurbin na uba. Na sha gani a takardun sakamakonki, na ce takardar yara ce, za a gyara. Yanzu ba ta yara ba ce. Ba ni da gida, ba ni da mota, ba ni da ƙofa. Digirin nan shi ne ginina, kuma ba a yin gini a rubuta sunan maƙwabci a jikinsa.

Ki je ofishin da ya dace ki sa a cire sunansa a sa nawa, kafin a buga takardar.

Ki gaida Gwaggonki. Dogo direba zai kawo miki wannan kamar kullum.

Ni ne mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na ba Dogo man shafawa ya kawo maka. A shafa safe da yamma, kuma don Allah kada a haɗa shi da man birki kamar wancan karon. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka manta hanyar gidanta.

Zancen mai fenti ya tsaya mini a rai, Baba. Na karanta wurin na ajiye takardar, sai da na yi kuka na ci gaba.

Na je ofishin rajista kamar yadda ka ce. Matar da ke wurin ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Sai na yi rantsuwa a kotu, a buga sanarwa a jarida, sannan a koma a gyara takardar sakandare, domin dole sunan da ke kan digiri ya zo ɗaya da nata. Gyaran takardar sakandare kuwa ba a sa masa rana. Ta ce an riga an tura sunayen 'yan ajinmu. In na taɓa nawa yanzu za a ajiye ni gefe, 'yan ajinmu su fita su bar ni, gurbin da na samu a asibiti na shekarar horo kuma a ba wani. In bi 'yan baya, wato a sake biyan kuɗin wata shekara. Ni kuwa na san abin da ya rage a hannunka.

Don haka ina roƙonka, Baba, ba yanzu ba. Ka bari in fita, in kama aiki, sai mu zauna mu duba yadda za a yi.

Ban faɗa wa Baba Tela wannan magana ba. Idonsa ya fara rauni, ni nake zura masa zare a allura kafin in tafi makaranta. Ba na son in ƙara masa wani abin.

Kuɗin zangon ƙarshe za a rufe karɓa ƙarshen wata. Wanda bai biya ba ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka.

*

Uwata,

Lafiyata lau. Man ya iso.

Baba Tela! Ashe har suna gare shi a bakinki. Ni Baba, shi Baba, sai a saka mana lamba kamar motocin kamfani.

Kin ce ba yanzu ba. Na yi aikin gareji tun ba a haife ki ba, na san ma'anar wannan magana. Duk motar da aka tura bayan gareji aka ce ba yanzu ba, ciyawa ce ke tsirowa a ƙarƙashinta, kaji su yi ƙwai a kujerar direba. In aka buga takardar nan da sunansa, an buga ke nan. Ranar yaye ku za a kira ki a lasifika, mutane su yi tafi, su juya suna neman mahaifin yarinyar nan, a nuna musu mai ɗinka wando. Ni kuma ina gefe kamar wanda ya zo ɗaukar kujeru.

Kina tausayin idonsa. Kunnena fa? A ina na bar shi, kuma don wa?

Shekara ɗaya ba ta kashe kowa. Ni na yi shekaru ina wanke taya, ban mutu ba. In kuɗi ne, ni ba a taɓa ganin ƙarshena ba.

Ga maganata ta ƙarshe. Kuɗin zangon nan yana ƙarƙashin katifata. Ranar da kika aiko mini da takardar rantsuwar kotu, ranar zai kama hanya. In kuwa kin ƙi, to, wanda sunansa ke kan takarda shi ya biya.

Mahaifinki, in har yanzu ni ne.

*

Uwata,

Ina fatan lafiya. Na ce ina fata, domin ban sani ba.

Shiru. Motar garinku ta shigo tasha ta fita ban san sau nawa ba. Kullum ina zaune a bencin mai shayi, har yaran tasha sun fara tambayata ko kaya nake jira. Dogo yana hango ni sai ya buɗe tafin hannu ya girgiza kai. Haka aka koya miki a jami'a? Uba ya yi magana, 'ya ta yi gum?

Ko ba ki da lafiya ne? In ciwon cikin nan ne ya dawo, ki daina zama da yunwa don karatu. Tun kina ƙarama haka kike.

Na tashi daga ciki da falon da nake haya, na koma ɗaki ɗaya a bayan masu walda. Ya fi kusa da masallaci, shi ne dalili. Akwatin kayan aikina yana nan, na goge su tas. In kin gama zan sami gindin bishiya a bakin titi in kafa kaina. Tsofaffin direbobi sun san hannuna, ba zan rasa na abinci ba.

Ga kuɗin nan a cikin ambulan, na ba Dogo. Ki je ki biya. Kada ki ɗauka na janye maganata, ban janye ba. Kawai dai ban saba fara aiki in bar wa wani ya ɗaure kusar ƙarshe ba.

Ki ba ni amsa ko da layi biyu ne.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau, cikina bai tashi ba.

Dogo ya iso jiya. Motarsu ta lalace a hanya, ta yi kwanaki a wani ƙauye ana neman wanda zai gyara. Ya ce in gaya maka tun da ka bar gareji haka suke fama. Lokacin da ambulan ɗin ya shigo hannuna an riga an rufe karɓar kuɗi. Ga shi na mayar maka yadda ya zo, ban buɗe ba.

An biya, Baba. Na fara jarrabawa.

Ban yi shiru don raini ba. Na ɗauki biro sau da yawa, in na rubuta gaisuwa sai hannuna ya tsaya. Ban gaya wa kowa ba, amma Gwaggo ta ga na daina fita makaranta, ta tsare ni a ɗakin girki har sai da na faɗa. Ashe Baba Tela yana bakin ƙofa da butarsa. Ya yi alwala ya fita. Washegari da na je shago zura masa zare, sai na tarar da sawun ƙafafu huɗu na keken ɗinkinsa a kan siminti, babu keken. Yana zaune a kan benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ya miƙo mini kuɗi a ƙulle cikin ƙyallen yadi, ya ce, "Je ki biya. Ido ma ya gaji, dama hutu nake nema." Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce, "Babanki ya yi gaskiya. Na ci sunan banza shekara da shekaru, bari in biya haya."

Yanzu kullum yana buɗe shago da safe, ya share, ya zauna. Masu kawo ɗinki su leƙo su koma.

Baba, ka yafe mini abin da zan faɗa, ban taɓa ɗaga maka murya ba kuma ba zan fara ba. Na haddace tarihinka tun ina ƙarama: bokiti, soso, sifana, ƙofar ofis. Gaskiya ne duka, kuma ina alfahari da shi. Kullum kana cewa ba wanda ya taimake ka. To, duk shekarun da kake kwana ƙarƙashin mota kana hawa matsayi, ni ina ina? Wa ya goya ni zuwa asibiti da ƙyanda ta kama ni? Wa ya ɗinka mini kayan makaranta daga ragowar yadin mutane, yana haɗa su yadda ba wanda zai gane? Gwaggo da Baba Tela ba su taɓa haihuwa ba, kuma ba su taɓa ce maka ka kawo na sabulu ba, don sun san halinka, za ka ɗauka bara suke yi ko gori.

Ban manta garatutinka ba, ban manta ginin da ka sayar ba. Ɗakin bayan masu walda kuma na san ba don masallaci ba ne. Ni dai an sa ni a tsakiya, kowane ɓangare na juya sai na taka wani.

In har yanzu kana so in je kotu, ka faɗa, zan je bayan jarrabawa. In zauna wata shekarar. Amma kai za ka zo ka gaya masa da bakinka.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa, da fatan jarrabawa tana zuwa da sauƙi. Gwiwa ta kumbura, zama a mota ne ya jawo. Ina shafa man.

Gwaggonki za ta gaya miki na zo garinku na koma ba mu haɗu ba. Kina ɗakin jarrabawa, ban ga dalilin tayar miki da hankali ba. Kuma akwai fuskar da uba ba ya son 'yarsa ta gani.

Takardarki na karanta. Ba zan ce komai a kan harshenki ba, na san inda kika gado shi.

Daga tasha ban nufi gidanku ba, kasuwa na nufa, layin masu tsofaffin kekuna. Wanda ya saya ya riga ya sayar wa wani, wanin kuma ya kai wa wata mata mai koyar da ɗinki. Na bi sawu har na same shi a cikin kekuna da yawa. Na gane shi da kallo ɗaya, domin akwai inda kika kankare fentinsa da ƙusa kina ƙarama. Da matar ta ga idona a kansa sai ta tsuga kuɗi. Abin da ke cikin ambulan bai kai ba. Na ce ta riƙe mini shi, na sa Dogo ya kawo akwatin kayan aikina a motar washegari, na kai layin 'yan gwangwan. Sifanun da na tara ɗaya bayan ɗaya tun ina saurayi, wani yaro ya zube su a ƙasa yana juyawa da ƙafa yana taya su. Ban tsaya ciniki ba, na karɓi abin da ya ba ni na je na fanso keken. Kada ki yi mini kuka a kan wannan, ƙarfe ne.

Keken kuwa, Allah ya isa tsakaninsa da mai shi. Bel ya saki, ƙafa tana kuka, rabonsa da mai tun ban san yaushe ba. Mutum ya yi shekaru yana cin abinci da inji bai san haƙƙinsa ba! Na ari sukudireba a wurin mai faci, na kwance shi, na wanke, na ɗaure. Yanzu ko numfashi ya fi shi ƙara.

Na ɗora shi a baro har ƙofar shago. Telan yana zaune yadda kika faɗa. Bai gane ni ba sai da na yi magana. Muka mayar da keken a kan sawunsa. Ya shafa shi da hannu, ya taka, ya saurara, ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, nawa yana tari." Na ce, "Naka ne, likita ya gani."

Ya aika aka kawo shayi. Muka zauna, shi ba ya gani sosai, ni ba na ji sosai, sai da ya matso yana yi mini magana a kunne kamar mai gulma. Ya ce ranar da ya kai ki firamare, malamin ya tambayi sunan uba, kafin ya buɗe baki ke kika faɗi sunansa. Ya ce wa malamin ya rubuta da fensir, uban yarinya zai zo ranar Asabar ya gyara. Wai ni na ce zan zo. Ban tuna ba. A lokacin motoci sun yi mana yawa. Ya ce ya daɗe yana zuwa tasha ranar Asabar, daga baya malamin ya gaji ya bi ta kai da biro.

Na ɗauki kofina na kurɓa. Shayin ma sukari ya yi masa yawa.

Da zan tafi ya ce akwai ɗaki a bayan shago, kaya ne kawai a ciki. Na ce ni ba a ba ni masauki. Ya ce to haya. Na ce zan duba. Fanshon da ake ba ni ba ya kai ni tsakiyar wata, kuma gindin bishiyar da na ce miki zan kafa, ba a kafa shi da hannu wofi. Ban san yadda zan yi ba tukuna. Wannan ne karo na farko da na rubuta irin wannan magana, kada ki nuna wa kowa.

Yanzu ga hukuncina. Kada ki je kotu. Ki bar takardar yadda take, ki fita tare da 'yan ajinku, ki kama gurbinki a asibiti. In an kira ki da sunansa a lasifika, dama kunnena ba ya ji.

Amma Dogo ya ce ɗansa da ya gama bara ya rubuta wani kundi mai baƙin bango, wanda ake ajiyewa a ɗakin karatu na jami'a, kuma a shafin farko ɗalibi yana rubuta wanda ya ga dama, ba kotu, ba jarida. Na san ke ma kina rubuta irinsa. To, wannan shafin nawa ne. Ki sa Gwaggonki, ki sa Telan, ban hana ba, amma a ƙasa. A sama ki rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, da manyan baƙi. Kada ki rubuta Baba. Baba kowa yana da shi, ke ma biyu gare ki. Ki rubuta shugaban gareji. Kuma tun da keke ya koma wurin mai shi, kuɗin zangon ƙarshe ma nawa ne, saboda haka ki rubuta cewa ni na biya tun daga farko har ƙarshe.

Da tawada za a buga shi, Uwata, ba da fensir ba. Kuma ki gaya mini ranar da za a kai shi wurin masu bugawa. Ko Asabar ce, zan zo in tsaya a kansu.

Ni ne mahaifinki.